Bayan Kwalin Fresia

Daren Alhamis a Valparaíso,
can ƙololuwar tudu, inda matakala ke cinye numfashi,
mu huɗu muke kewaye teburin Fresia.
Ƙasa, jiragen ruwa na gurnani a tasha,
sama, ruwa na dukan kwanon rufi.
Ga shayi, ga burodi an shafe shi da fiya.

Duniyar tata ce.
A takardar naɗe kaya ta zana ta da biro.
In ta ce tsibiri, sai ga tsibiri,
in ta ce gadar nan ta ruɓe, mu taka a hankali.
Gabanta kwali ne a tsaye, bai fi taƙi ɗaya ba,
a bayansa take jefa ƙwaya mai fuska ashirin.
Mu dai ƙarar gangarawa muke ji,
ta faɗi abin da ya fito, mu ce to.
Shekara uku ba wanda ya leƙa,
kuma ba tsoro ne ya hana ba.

Nahuel ɓarawo ne a wasan, a gari malamin lissafi.
Ximena matsafiya, da rana tana cire haƙori.
Ni maharbi, kibiyata ta fi sanin bishiya.
Eleodoro kuwa Tsohon Matuƙi yake ja,
jarumin da ƙanensa ya ƙirƙira
kafin teku ya riƙe shi bara.
Takardar har yau da rubutun mamacin,
da tabon kofi a kusurwa.

A daren nan dodon ruwa ya kai wa Matuƙi sara,
ga shi ƙarfinsa saura ƙiris.
Fresia ta jefa.
Ƙwayar ta gangara, ta tsaya.
Butar shayin ta ƙarfe ce, ta sha guga,
a jikinta na hango: ashirin.
Na san abin da ashirin ke nufi.

"Huɗu," in ji Fresia. "Ya kuskure ka."

Na haɗiye shayi da zafinsa.
Ƙarya ce, amma irin ta bargo,
wadda ake lulluɓa wa mai rawar ɗari.
Na ce wa harshena ya zauna.

Eleodoro bai yi murna ba.
Ya juya fensir sau biyu, ya dube ta.
"Shekara uku ina jin muryarki.
In mun tsira kikan ja tsaki kaɗan.
Yau ba tsaki, kuma kin yi sauri.
Kada ki yi mini abin da kowa ke yi tun bara.
A ofis an rage mini aiki,
a gida uwata na ɓoye hotuna.
Nan kaɗai abu ke samuna kamar kowa.
In kin cece shi yau,
duk yaƙin da ya ci a baya sai na tuhume shi."

Ruwa ya tsagaita kamar mai saurare.
Fresia ta kai hannu ta kwantar da kwalin.
Karon farko muka ga bayansa:
guntayen takardu,
sunayen garuruwan da ba mu isa ba tukuna,
ɓawon lemo,
da ashirin tana kallon rufi.
Ashe iyakar mulkin ke nan,
sauran mu ne muka ba ta aro.

"Ashirin," ta ce. "Yaya kake so ya faɗi?"
"A tsaye," ya ce, "riƙe da akalar jirgi."
Ta bar masa fagen.
Minti goma yana magana, ba wanda ya taɓa ƙwaya.
Ximena ta cire tabarau ta goge da gefen riga.
Nahuel ya sace burodin ƙarshe
don a sami abin yi wa dariya.

Eleodoro ya ninke takardar gida huɗu,
ya sa a aljihun ƙirji.
Da za mu tashi, shi ya ɗauki kwalin,
ya tsayar da shi a gabanta da hannunsa.
"Alhamis mai zuwa," ya ce,
"ki tanadar mini farar takarda."

Ni kuma, kafin in fuskanci matakala,
na ɗauke butar daga tebur
na kai ta kicin.